Tsayuwar Gingimari: Sana'ar Masu Gyaran Sifirin a Daura

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya, ka samu benci a bakin titin da ya taso daga Kwangwalam ya ratsa Daura ya nufi Kano, ka zuba wa manyan motocin da ke fitowa daga kasuwar Mai'aduwa ido. Kada shanun da ke ciki su ɗauke maka hankali, fuskar motar za ka duba tana tunkaro ka. Wata ta sauke kafaɗa ɗaya kamar mai ɗauke da bokitin ruwa. Wata ta sunkuyar da kai kamar rago zai yi karo. Wata kuwa ta ɗaga haɓa tana tafe tana rangaji, direba na ta kokawa da sitiyari. Mu 'yan kallo sai mu ce lodi ne ya yi yawa. Amma akwai mutumin da in yana zaune kusa da kai zai ce, waccan sifirin ɗinta na hagu ya mutu, waccan an canja mata gefe ɗaya an bar ɗaya, waccan kuma ƙarin falle aka yi mata. Wannan shi ne mai sifirin.

Kanikanci gida ne mai ɗakuna da yawa. Akwai mai inji, akwai mai wayarin, da mai walda, da mai faci, da mai buga jiki da fenti. Mai sifirin shi ne na can ƙarƙashi, wanda ba ka ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Aikinsa ƙarfi ne, don sifirin ɗin babbar mota ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne. Sai dai ba a ƙarfin ake gane gwani ba. Kowane ƙato zai iya kwance tsoho ya ɗaura sabo. Gwani shi ne wanda in ya gama, motar za ta tsaya daidai inda maƙeranta suka nufa ta tsaya, ba sama ba, ba ƙasa ba, ba karkace.

Ƙasar da ke cin sifirin

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, kuma ƙasar bakin iyaka ce. Daga Kwangwalam ka tsallaka Ɗan Barto ka shiga Nijar, hanya ta miƙe da kai Matamaye har Damagaram. Dabbobi na gangarowa kudu, hatsi da siminti da kayan masarufi na haurawa arewa. Ban da wannan ga tifofin yashi, ga ƙananan Kanta da akori-kura masu shiga ƙauyuka kwaso gero da wake da riɗi ta hanyoyin da damina ta zaizaye. Ko da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ƙafa ta ɗauke a wasu garejin, amma ramin hanya bai tafi hutu ba.

Motocin ma kowace da zamaninta. Dattawan sana'ar sun buɗe ido ne da Marsandi 911 mai guntun hanci, irin wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu tun farkon shekarun 1980, da Fiat ta Kano, da Steyr ta Bauchi. Daga baya DAF da MAN da Iveco na gwanjo suka cika hanya, yanzu kuma Howo ta Sin ta shigo da ƙarfinta. Fuska ta bambanta, amma in ka leƙa ƙarƙashin gabansu kusan abu ɗaya za ka tarar: ƙarfen aksul guda ya riƙe tayoyi biyu, a kansa sifirin biyu, dama da hagu, kowanne fallayen ƙarfe ne da aka jera babba kan ƙarami aka soke su da ƙusa ɗaya a tsakiya, santabol. Babban fallen yana da ido a kowane baki. Idon gaba a maƙale yake da shasi, na baya kuma yana rataye ne a wani ɗan hannu mai lilo, domin duk sanda sifirin ya danne sai ya ƙara tsawo, dole a ba shi inda zai miƙe. Sai yubol, ƙarafa masu siffar ƙugiya, da suka ɗaure shi da aksul.

Lanƙwasar fallayen nan ita ce ke riƙe da tsayin mota. Direbobi da yawa na zaton shokazoba ce, har ka ji wani ya ce a canja masa shok gaban motarsa ya zauna. Shok ba ta ɗaga mota, aikinta hana ta tsalle-tsalle bayan ta faɗa rami. In gaba ya zauna, sifirin ne ya gaji.

Me ya sa ake damuwa da 'yan santimita

Wanda bai sani ba zai ce, mota mai ɗaukar tan talatin, ina ruwanta da bambancin yatsa biyu? Ruwanta kuwa da yawa, domin kusan duk abin da ke gaban mota da tsayin nan aka auna shi.

Ɗauki sitiyari. Akwatinsa a jikin shasi yake, tayar da yake juyawa kuma tana jikin aksul, sanda ɗaya ce ta haɗa su. In shasi ya hau sama ko ya sauka, sandar ta karkace daga yadda aka tsara ta. Sai ka ga mota na tafiya miƙe amma sitiyari a juye. Mafi muni, duk ramin da taya ta faɗa, sandar za ta fizgi tayar gefe ba da izinin direba ba. Shi ne direba zai zo yana cewa motar tana ƙwace masa.

Akwai kuma kinfin, ƙusar da taya ke juyawa a kanta. Ba a tsaye cak take ba, an ɗan kishingiɗar da kanta baya da digiri kaɗan, kamar yadda ƙahon gaban keke yake. Wannan 'yar kishingiɗa ita ke sa sitiyari ya dawo da kansa bayan an sha kwana, ita ke sa mota ta riƙe layinta. In ta ragu mota ta riƙa yawo a titi, in ta yi yawa sitiyari ya yi nauyi ko ya kama rawa. Canjin tsayi yana taɓa ta. Don haka wasu motocin ke da wani ɗan ƙarfe mai kauri a baki ɗaya da siranta a ɗaya bakin, a tsakanin sifirin da aksul. Kaurin na kallon baya ne in ana son ƙara kishingiɗar. Yaron da ya mayar da shi a juye ya gama ɓata tuƙin motar, alhali duk notin da ya ɗaura ya ɗauru.

Sannan akwai robar da ke jikin shasi daidai saman aksul. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce iyakar numfashin sifirin. In mota ta zauna, tazarar ta ƙare, kowane rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe, dukan ya wuce kai tsaye cikin shasi da bayan direba. In kuma an ɗaga ta fiye da kima, shok ce za ta miƙe ta kai ƙarshenta ta riƙa fizgar mazauninta, tiyon birki ya ɗame, fitila ta bar titi ta koma cikin idon mai tahowa. Motar da ta yi tsayi da lodin shanu, waɗanda ke motsi a ciki, ita ce mai saurin kwanciya a kwana.

Yadda gwani ke yi

Na taɓa wuni a gindin wata bishiyar darbejiya a bayan gari ina kallon wani dattijon oga yana canja wa DAF sifirin gaba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ya ƙi taɓa sifana. Ya ce wa direban ya ja motar daga cikin yashi ya kai ta kan wani daɓen siminti da ke gefe. Ya sa aka kira mai faci ya daidaita iskar tayoyi. Ya leƙa bodi ya tabbatar ba kaya. Ya ce a yi gaba kaɗan, a yi baya kaɗan, a tsaya ba tare da taka birki da ƙarfi ba, don ƙarafan su saki jiki. Sannan ya ciro tef daga aljihu.

Yaronsa ya riga shi, ya kafa tef daga ƙasa zuwa bamba. Ogan ya ce, "Kai, bamba ake tuƙawa? Wannan sau nawa ta sha karo? Shiga ciki." Daga saman aksul zuwa ƙasan shasi suka auna, dama da hagu, a wuri iri ɗaya, ya rubuta lambobin da alli a jikin shasin. Bai tsaya nan ba, ya zaga baya ya auna can ma. Na tambaye shi dalili, tunda gaba aka kawo. Ya ce mota kamar gado ce mai ƙafa huɗu, in ƙafar baya ta hagu ta gajarta, ta gaba ta dama ce za ta ɗaga. Sau da yawa ana kashe kuɗi a gaba alhali ciwon na baya, wani lokacin ma shasin ne ya murɗe.

Awon tsohon sifirin ba shi ne abin da ake nema ba, tunda ya riga ya gaji. Yana nuna inda aka taso ne kawai. Inda za a je yana cikin littafin kamfani, ga wanda yake da shi. Mafi yawan motocin gwanjo kuwa sun rabu da littafinsu tun a Turai. Don haka awon yana zaune ne a kan oga, ko a je a auno wata 'yar'uwarta mai lafiya.

Da aka sauke sababbin sifirin daga akori-kura, waɗanda aka sayo a Ƙofar Ruwa a Kano, bai yarda da maganar mai shago ba. Ya kwantar da su gefe da gefe. Ya ƙirga fallaye, ya gwada faɗi da kauri. Ya ɗaura zare daga ido zuwa ido, ya auna daga zaren zuwa gindin santabol, wato zurfin lanƙwasa, ya ga na biyun ya zo ɗaya. Ya auna daga santabol zuwa idon gaba, da kuma zuwa idon baya, don a motoci da yawa ba tsawonsu ɗaya ba, in aka juya sifirin aksul zai matsa daga mazauninsa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan dattijo idonsa ya san kima, duk da haka bai bar mudun a gida ba.

Aka ɗaga shasi da jak, aka tokare da guma-guman itace, don ba mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kwancewa ta ci awa biyu, da guduma da baƙin mai da dogon bututun da ake zura wa sifana mutum biyu su hau. Da aka ɗora sababbin, ya sa aka dace kan santabol da raminsa a aksul, aka kama yubol sababbi da hannu, aka riƙa ɗaure notinansu huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba a gama da ɗaya a koma ɗaya ba.

Sai wurin da na ga ya fi tsananta wa yaran. Ɗaya ya kama ƙusar idon sifirin zai ƙulle ta tamau mota na rataye. Ogan ya buge masa hannu. "Sai ta taka ƙasa." Ya juyo ya yi min bayani. Inda bushin na tagulla ne mai shan giris, ƙusar na juyawa a cikinsa, giris ɗin kawai yake buƙata. Amma inda na roba ne, kamar a ƙananan motoci da kan shok, robar ba ta juyawa, murɗewa take yi. In ka ƙulle ta mota na sama, da an sauke nauyi ya hau, robar ta murɗe ke nan tun ba a je ko'ina ba. Za ta riƙe motar sama da inda ya kamata, ta ba ka awon ƙarya, bayan 'yan makonni ta yage. Ka sauke, ka girgiza, ka auna, sannan ka ɗaure. Bayan tsayi ya zauna ne ake zuwa saitin tayoyi, don wanda ya yi alaimen kafin tsayi ya yi aikin baban giwa.

Rigimar da ba ta ƙarewa

Ƙarfe ba ya gardama. Mai mota ke yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, maganar da mai sifirin ya fi ji ita ce, "Oga, ɗayan ai lafiyarsa ƙalau, canja min wanda ya karye kawai."

"Alhaji, tare aka sa su, tare suka tsufa. In na sa maka saurayi a dama na bar tsoho a hagu, karkacewa za ta yi."

"To a yi masa walda mana."

"Walda ba ta kama sifirin, ranka ya daɗe. Kafin Kazaure zai sake ɓallewa."

Gaskiyar ogan ce. Ƙarfen sifirin da wuta aka hore shi har ya samu taurin da zai lanƙwasa ya dawo. Zafin walda na kashe wannan horon a daidai inda ya taɓa, wurin ya zama mai saurin tsagewa. Haka ma masu gasa falle su lanƙwasa shi. Akwai dai gyaran da aka saba yi, a kwance fallayen ɗaya-ɗaya a ɗora kan guntun ƙarfe mai rami a bi su da babbar guduma a sanyi har lanƙwasar ta dawo, ana gwadawa da zanen alli a ƙasa. Yana tayar da mota, kuma ya rufa wa masu ƙaramin ƙarfi asiri. Amma mai gaskiya zai gaya maka cewa ƙarfen da ya gaji ya gaji, kwana ka saya ba lafiya ba.

Ni kaina na ga araha ba ta ado. Kawuna yana da wata Kanta da yake jigilar hatsi daga wajen Baure. Sifirin dama ya karye, ya kai wani gareji aka sa masa na gwanjo gefe ɗaya, ba wanda ya ciro tef. Ya dawo yana murna ya tsira da rabin kuɗi. Motar ta kama ja gefe, yaronsa na tuƙi yana tokare da sitiyari kamar mai riƙe da akuyar da ta ga dusa. Kafin kaka ta wuce sabuwar tayar gaba ta cinye ta baki ɗaya har waya ta fito. Kuɗin tayar ya fi abin da ya ɓoye, kuma daga ƙarshe sai da ya sayi sifirin biyun.

Ɗaya rigimar ita ce ta masu cewa a ƙara musu falle, mota ta ɗaga ta ɗauki kaya. Falle na ƙara wa sifirin ƙarfi, amma bai ƙara wa aksul ba, bai ƙara wa kinfin da taya da birki ba. Lodin da sifirin ya daina kuka da shi, su ne za su biya. Masu Hilux da Hiace irin na da, waɗanda gabansu ke kan sandar ƙarfe mai murɗawa, su nasu ma ya fi sauƙin ɓaci, don noti ɗaya ake juyawa gaba ya tashi. Sai a yi ta juyawa don mota ta yi kwarjini, a manta cewa a irin wannan gaban kowace taya da hannuwanta, in tsayi ya canja tayar ta karkace, boljoyin ya shiga wahala.

Koyo da gado

Yaro kan shigo sana'ar ne ta hannun mahaifi ko kawu, a kawo shi a ce, "Ga ɗanka nan, Oga." Shekarar farko wankin noti ne da miƙo sifana da sayo abinci. Daga nan guduma, daga nan kwancewa. Tef ne abu na ƙarshe da ake sakar masa. Kafin ya kai nan an koya masa karatun ƙarfe. In falle ya karye a tsakiya, tsakanin yubol biyu, ɗauri ne ya saki. In ya karye a waje, gajiya ce ko lodi. In ya ga wuri na sheƙi a kan aksul daidai robar shasi, motar ta daɗe tana dukan ƙasa. In mota na tafiyar kaguwa, gaba daban baya daban, a duba santabol ko ya guntule.

Zamani kuma na tahowa da sabon karatu. Wasu kawunan tirela da ke shigowa yanzu jakar iska ce ke ɗauke da su, galibi a baya, kuma wani ɗan bawul mai sanda ne, ko na'ura mai aika wa kwamfuta saƙo, ke ƙayyade tsayin. Nan guduma ba ta da aiki, lambar kamfani ce kawai. A Daura, garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a watan Disamba na 2019, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, bai kamata awon tsayin DAF da Howo ya zama sirrin da ke kan dattijo ɗaya ba. Takarda guda da Hausa, mai ɗauke da awon motocin da suka fi yawa a hanyar nan da ƙarfin ɗaurin notinansu, a manna a kowane gareji ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA, za ta ceci tayoyi da rayuka fiye da dogon jawabi.

Tsohon sifirin ma ba ya mutuwa a banza. Maƙera na zuwa su saya, don ƙarfe ne mai riƙe kaifi. Fallen da ya sha hanyar Damagaram shekara goma, sai ka same shi ya zama fartanya ko adda ko wuƙar mahauci a kasuwar Zango.

Ranar da na wuni a wurin dattijon nan, dab da magariba aka sauke DAF ɗin. Direba ya zaga da ita ya dawo kan daɓen, ogan ya sake shiga da tef, dama da hagu suka zo ɗaya, ya goge tsohuwar lambar allin ya rubuta sabuwa. Ya fito ya tafi can gaba ya tsuguna, ya ce a taho da ita a hankali, yana kallon fuskarta. Sannan ya karɓi kuɗinsa. Direban ya hau ya tayar, ogan ya dafa ƙofa ya ce, "Sabon ƙarfe sai ya zauna, yubol za su saki. In ka sauke lodin farko ka biyo in ƙara ɗaure maka, ba sai ka biya ba." Direban ya ce to, in sha Allahu. Na tambayi dattijon ko suna dawowa. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu, ya ce wasu na dawowa da ƙafarsu, wasu kuma sai an jawo su.